Me ke tsara ƙoƙon kan kwaɗo: mazauninsa ko ƙuruciyarsa?

Da zarar ruwan farko ya sauka, kududdufai suka kama ruwa, dare ya zama na kwaɗi. Mai saurare daga ɗaki hayaniya ɗaya yake ji, kuma a wurin yawancin mutane kwaɗo dai kwaɗo ne: ƙaton baki, idanu tulu-tulu, babu wuya. Amma masana halittu sun ƙirga nau'in kwaɗi sama da 7,000 a duniya, kuma idan aka wuce fata aka dubi ƙashin kai, bambancin da ke tsakaninsu ya fi yadda ake zato. Akwai mai kai shimfiɗaɗɗe kamar faifai, akwai mai tsinin hanci kamar bakin dagi, akwai wanda ƙoƙon kansa ƙayoyi ne.

A shekarar 2021 wata tawagar masu bincike, ciki har da Carla Bardua da Anjali Goswami na gidan adana tarihin halittu da ke Landan, ta wallafa wani nazari a mujallar Nature Communications. Sun auna ƙoƙon kan nau'in kwaɗi 173, sun ɗauko wakili daga kowane dangin kwaɗi da ke raye a yau. Sakamakon ya zo da maganganu biyu da suka yi kama da masu karo da juna. Ta farko, kwaɗin da 'ya'yansu ke kiwo a ruwa da waɗanda 'ya'yansu ba sa yi, siffar kansu ba ta da wani bambanci na a-zo-a-gani. Ta biyu, duk da haka, irin ƙuruciyar da kwaɗo ya yi tana da tasiri a kan yadda kan zuriyarsa ke sauyawa. Mai karatu na iya tambaya: to tana da tasiri ne ko ba ta da shi?

Kalmomin da ke rikita zancen

Akwai sauyi iri biyu a wannan magana, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke kawo ruɗani. Na farko shi ne rikiɗa, wato abin da ke faruwa da kwaɗo guda a rayuwarsa: ƙwai ya ƙyanƙyashe, talibambam mai wutsiya ya fito yana iyo kamar kifi, daga baya ya fitar da ƙafafu, wutsiyar ta ɓace, ya zama kwaɗo. Wannan kam, yaro ma yana iya ganinsa a kwano cikin 'yan makonni. Na biyu shi ne abin da masana ke kira sauyin halitta, wanda ba ya faruwa a jikin kwaɗo ɗaya. Yana nufin yadda siffar zuriya ke canzawa sannu a hankali cikin dubban ɗaruruwa ko miliyoyin shekaru, saboda waɗanda siffarsu ta dace da wurin zamansu sun fi tsira su haihu. Idan an ce kwaɗon rami ya samu tsinin hanci, ba ana nufin wani kwaɗo ya yi ta tono har hancinsa ya yi tsini ba.

Shi kansa ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙasusuwa ne da yawa a haɗe: masu rufe ƙwaƙwalwa, masu riƙe hanci, na ganɗa, na muƙamuƙi, da na kunne. Tawagar Bardua ta raba shi yanki 15, ta auna kowanne da hotunan na'urar CT, irin wadda ke nuna ƙashi ba tare da an yanka dabbar ba. Abu uku suka nema a kowane yanki. Akwai siffar kanta. Akwai yawan bambanci, wato nisan da ke tsakanin 'yan rukuni ɗaya. Akwai kuma saurin sauyi, wato yawan canjin da aka samu idan aka kwatanta da tsawon lokacin da zuriyoyi suka yi da rabuwa. Rukuni biyu na iya yin kama a matsakaiciyar siffa, amma ɗaya 'ya'yansa sun bazu nesa da juna cikin ɗan lokaci, ɗayan kuwa suna nan cunkushe wuri guda. Wanda ya riƙe wannan bambancin ya warware rabin ruɗanin.

Kai biyu a rayuwa ɗaya

Kan talibambam yawancinsa guringuntsi ne. Bakinsa ɗan ƙarami ne, da wani baki mai tauri kamar na tsuntsu da layukan ƙananan abubuwa masu kama da haƙora, waɗanda ba ƙashi ba ne, irin sinadarin farce da ƙaho ne. Da su yake kankare gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Hanjinsa dogo ne, a nannaɗe kamar gammo, irin na mai cin tsiro. Babban kwaɗo kuwa mafarauci ne mai haɗiye abincinsa ɗungurungum. Don haka a lokacin rikiɗa sai an rushe bakin farko an gina wani. Guringuntsin gaban baki ya narke, muƙamuƙi ya yi tsawo, mahaɗarsa ta ja baya zuwa wajen kunne, baki ya buɗe daga wannan gefe zuwa wancan. A kwanakin da ake wannan gyara ɗan kwaɗon ba ya cin komai, da wutsiyarsa yake rayuwa yayin da jiki ke tsotse ta.

Abin da ke ba da umarnin wannan aiki sinadari ne da ke fitowa daga ƙullutun wuya, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo a jikin mutum. Tun 1912 wani mai bincike, Friedrich Gudernatsch, ya ciyar da talibambam da wannan ƙullutu na doki, suka rikiɗe kafin lokacinsu suka zama ƙananan kwaɗi.

Ƙasusuwan kai ba sa ƙanƙarewa lokaci ɗaya. Waɗanda ke kewaye da ƙwaƙwalwa su ke fara zama ƙashi, tun ɗan kwaɗon yana iyo da wutsiya. Na muƙamuƙi da mahaɗarsa sai a ƙarshen rikiɗa ko bayanta. Nazarin 2021 ya gano cewa waɗannan na baya-bayan su ne suka fi bambanta tsakanin nau'o'i, su ne kuma suka fi saurin sauyi. Bayanin da aka bayar shi ne, ƙashin da ya riga ya ƙanƙare tun ana talibambam dole ya yi wa gida biyu aiki, na ruwa da na tudu, don haka ba shi da sararin canzawa sosai. Wanda ya zo daga baya kuwa aikin babban kwaɗo kaɗai ke gabansa.

Girman jiki da abin da ake haɗiya

Abin da ya fi kowanne tasiri a siffar kai shi ne girman dabbar da wurin da take zama bayan ta girma. Tazarar girma a tsakanin kwaɗi ba ƙarama ba ce. Kwaɗon Goliyat na Kamaru da Ikwatoriyal Gini yana kai santimita 32 da nauyin sama da kilo 3. Paedophryne amauensis na Papua New Guinea, wanda aka bayyana a 2012, bai kai santimita ɗaya ba. A ƙananan kwaɗi ƙwaƙwalwa da idanu ne ke cinye yawancin kai, domin akwai iyakar ƙanƙantar da za su iya yi su ci gaba da aiki, sai muƙamuƙi ya zama gajere. A manya kuwa kai yana faɗi, mahaɗar muƙamuƙi tana komawa baya, baki ya yi girma fiye da yadda girman jikin kaɗai zai buƙata.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli kwaɗon gida, mai kurajen bayan nan da ke laɓewa a gindin randa, ranar da shinge ya fito ya taru a ƙarƙashin fitila. Yana zaune shiru, harshe ya fita ya dawo kafin ido ya gani, sannan ya runtse idanu duka biyu kamar wanda ya haɗiyi magani mai ɗaci. Runtsewar tana da aiki. Ganɗar kwaɗo tana da manyan ramuka biyu, idanun suna nutsewa ta cikinsu su taimaka wajen tura abincin zuwa maƙoshi. Kwaɗo ba ya tauna, ba ya yaga nama. Abin da bakinsa ya iya ɗauka shi ne iyakar abincinsa, shi ya sa faɗin kai ke tafiya da girman abin farauta.

Wannan kwaɗon gida da duk danginsa ba su da haƙori ko ɗaya. Yawancin sauran kwaɗi suna da ƙananan haƙora a muƙamuƙin sama kawai, na riƙe abin da aka kama. Daniel Paluh da abokan aikinsa a gidan adana tarihin halittu na Florida a Amurka sun nuna a 2021 cewa zuriyoyin kwaɗi daban-daban sun rasa haƙora gaba ɗaya fiye da sau 20, kuma hakan ya fi faruwa a masu cin tururuwa da gara. Nau'i ɗaya tak aka sani da haƙoran gaskiya a muƙamuƙin ƙasa, Gastrotheca guentheri na dazukan Kolombiya da Ekwado.

Masu shiga ƙasa da masu zama a ruwa

Cikin wuraren zama, biyu ne suka fita daban a nazarin tawagar Bardua: ƙarƙashin ƙasa da cikin ruwa. Kwaɗin waɗannan wurare siffar kansu ta yi nesa da ta sauran, suna da yawan bambanci, sauyinsu kuma yana da sauri.

Yawancin kwaɗin da ke tono da ƙafafun baya suke yi, suna nutsewa da baya-baya. Kaɗan ne ke shiga da kai, kuma ɗaya daga cikinsu, jinsin Hemisus, yana nan a yankunan ciyayi na Afirka kudu da Sahara, har da Najeriya. Ɗan dunƙulallen kwaɗo ne mai ƙananan idanu, hancinsa mai tsini da tauri, da shi yake huda damshin ƙasa a bakin fadama. Bakinsa ƙarami ne, babu haƙori, abincinsa gara da tururuwa. A can yammacin Ostireliya akwai Myobatrachus, wanda shi ma da gaba yake tono cikin yashi, gara yake ci, kansa ɗan mitsitsi. Ba dangi na kusa ba ne, kowanne ta hanyarsa ya iso ga gajeren baki da dunƙulallen kai, domin matsalar da ke gabansu iri ɗaya ce.

Na ruwa kuwa matsalarsu daban. Harshe mai danƙo ba ya aiki a cikin ruwa, don haka dangin Pipidae ba su da harshe kwata-kwata. Xenopus na Afirka, mai farata a ƙafafun baya, da hannuwa yake cusa abinci a baki. Pipa pipa na Kudancin Amurka kansa a shimfiɗe yake kamar an taka shi, yana buɗe baki farat ɗaya ya zuƙo ruwa tare da kifin da ke ciki.

Ƙashi a matsayin kwalkwali

Yawancin kwaɗi ƙoƙon kansu sakayau ne, ramuka sun fi ƙashi yawa. Amma wasu zuriyoyi sun bi akasin haka: ƙashin ya yi kauri, ya yi gurzaye da ramuka-ramuka, wani lokaci fata ta manne da shi. Paluh da Edward Stanley da David Blackburn sun duba nau'i 158 a wani nazari na 2020, suka ce wannan kauri ya ɓullo aƙalla sau 25 a zuriyoyin da ba su gada daga juna ba. Halaye biyu ne suka fi tafiya da shi.

Na farko cin manyan dabbobi. Ceratophrys na Kudancin Amurka kusan rabinsa baki ne, yana binne jiki cikin ganye ya jira ɓera ko ƙadangare ko wani kwaɗon. An auna cizon wanda faɗin kansa santimita 4.5 ne a 2017, ya kai kamar a ɗora wa yatsa nauyin kilo 3. A Afirka akwai Pyxicephalus, ƙaton kwaɗon da ke kwashe rani a binne cikin kwanson tsohuwar fatarsa, ya fito da ruwan farko yana cin duk abin da ya motsa. A muƙamuƙinsa na ƙasa akwai tsinaye masu kama da fiƙa. Kama da wane ba wane ba ne: tsiron ƙashin muƙamuƙi ne, ba haƙora ba.

Na biyu toshe ƙofa. Corythomantis greeningi na busasshen yankin Caatinga a arewa maso gabashin Burazil yana shiga ramin dutse ko na itace da baya, ya rufe bakin ramin da ƙoƙon kansa. Maciji ba ya samun wurin kamawa, damshin jiki kuma ba ya tsiyayewa. Bahaushe da ya sa wa makullin ƙofa suna kwaɗo bai san da wannan ba, amma sunan ya dace da shi. A 2015 Carlos Jared na cibiyar Butantan da abokansa suka bayyana cewa wannan kwaɗo da wani mai suna Aparasphenodon brunoi suna da ƙayoyin ƙashi a gefen kai, waɗanda ke huda fatarsu ta inda dafi yake, su soki maƙiyi da shi. Jared da kansa ya sha sukar a hannu, ya yi awanni yana fama da raɗaɗi.

Shin ƙuruciya tana ɗaure babba?

A nan ne masana suka rabu. Akwai tsohon ra'ayi, wanda Nancy Moran ta yi wa cikakken bayani a 1994, cewa amfanin rikiɗa shi ne raba gida: ƙarami ya dace da duniyarsa, babba ya dace da tasa, babu mai jan ƙafar wani. Akwai hujjoji masu ƙarfi a bayan wannan. A 2017 Emma Sherratt da abokanta sun kwatanta siffar talibambam da ta manya a nau'in kwaɗin Ostireliya 166, suka ga kowane mataki da tafarkinsa: talibambam na zuriyoyi masu nisa sukan yi kama da juna, manyan kuwa siffarsu ta fi bin dangantaka. A shekarar dai wani nazari a kan kwaɗin Madagaska ya kai ga irin wannan matsaya.

Ɗaya ɓangaren yana cewa rabuwar ba ta cika ba, domin da kayan kan talibambam ake gina kan babba. Hanyar gwada wannan ita ce a dubi kwaɗin da suka bar kiwon ruwa. Suna da yawa, kuma kowace zuriya da dabararta. Arthroleptis na dazukan Afirka da Eleutherodactylus coqui na Puerto Rico suna saka ƙwai a damshin ƙasa ko ganye, ɗan kwaɗo cikakke ya fito daga ƙwan. Kwaɗon Darwin na Chile uban ne ke renon 'ya'yan a jakar maƙogwaronsa. Kwaɗon dutsen Nimba, a iyakar Gini da Laberiya da Kwaddibuwa, ciki uwar take ɗauka na kimanin wata 9 ta haifi 'ya'ya.

Da ra'ayin raba gida ya cika ɗari bisa ɗari, barin kiwon ruwa ba zai canza komai a kan babba ba. Abin da tawagar Bardua ta gani ya faɗi a tsakiya. Siffar kan ba ta nuna ko kwaɗon ya yi kiwo yana ƙarami, wannan ya goyi bayan ɓangaren farko. Amma zuriyoyin da suka daina kiwon sun fi saurin sauyi da yawan bambanci, wannan kuma ya goyi bayan na biyu. Wato ƙuruciya ba ta zaɓar wa kai siffa, mazauni da abinci ne ke yin haka. Abin da take yi ya fi kama da dabaibayi: dabbar tana tafiya inda kiwo yake, amma takunta gajere ne har sai an kwance.

Inda hujjar take da rauni

Nau'i 173 bai kai kashi 3 cikin 100 na kwaɗin duniya ba, kuma akwai dangin da ke da ɗaruruwan nau'o'i amma 'yan kaɗan suka wakilce shi. Rarraba mazauni ma aiki ne na kusan-kusan, domin kwaɗo ɗaya yana iya kwashe rani a rami, ya yi damina a bakin tafki. Sannan dalilai suna hawa kan juna. Breviceps na kudancin Afirka yana zama a rami, 'ya'yansa kuma ba sa kiwo a ruwa, to wanne daga ciki za a jingina wa siffar kansa? Yawancin masu ƙyanƙyashe cikakken ɗa ƙanana ne, ƙanƙanta kuma da kanta tana canza ƙashi. Lissafi yana rage wannan cakuɗuwa, ba ya kawar da ita.

Akwai kuma darasi daga 'yan uwan kwaɗi masu wutsiya, wato salamanda. Anne-Claire Fabre, wadda ke cikin tawagar Bardua, ta jagoranci nazarin nau'insu 148 a 2020. A can, masu fitowa cikakku daga ƙwai su ne suka fi kowa jinkirin sauyi. Ke nan ba za a ɗauki abin da aka gani a kwaɗi a mayar da shi doka ga duk mai rikiɗa ba.

Abin da ya shafi mutane

Wannan bincike ba zai canza farashin komai a kasuwa ba, amma yana taɓa rayuwa ta wasu hanyoyi. Ɗaya ta fannin lafiya ce. Xenopus laevis, wanda daga shekarun 1930 zuwa na 1960 aka riƙa amfani da shi wajen gwajin ciki, yanzu yana cikin dabbobin da ake nazarin yadda fuska da ganɗa ke haɗuwa a jikin ɗan tayi, da abin da ke sa a haifi jariri da tsagaggen leɓe. Saboda rikiɗarsa ta dogara da sinadarin ƙullutun wuya, ana kuma saka talibambam ɗinsa a ruwan da aka zuba wani magani, a ga ko zai jinkirta ko ya gaggauta rikiɗa, don gane magungunan da ke iya dagula wannan sinadari.

Ɗayar ta kare halittu ce. Ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Dabbar da ke da rayuwa biyu wuri biyu take buƙata. Ana iya barin gona da ciyawarta yadda suke, amma idan aka cike kududdufin da ke gefe, ko ruwan wankin tankin feshi ya gangara ciki, zuriyar wannan shekara ta tafi. Shi kuwa mai kai irin na Hemisus ba zai koma cin fara ba idan gara ta ƙare, bakinsa ba zai ɗauka ba.

A Afirka ta Yamma akwai kuma cinikin kwaɗi. Wani nazari da Meike Mohneke da Abiodun Onadeko da Mark-Oliver Rödel suka wallafa a 2010 ya bi sawun busassun kwaɗi daga arewacin Benin da maƙwabta zuwa kasuwannin kudu maso yammacin Najeriya. Wanda aka fi kamawa shi ne Hoplobatrachus occipitalis, babban kwaɗon fadama. Talibambam ɗinsa ya saɓa wa na sauran: mafarauci ne tun yana ƙarami, bakinsa mai ƙarfi, yana cin 'ya'yan wasu kwaɗi da tsutsar sauro a kududdufan da ruwan farko ya cika, tun kafin kifi ya iso.